Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Aikin Da Ya Rage Bayan Ka Sabunta Fasfo A Ƙasar Waje

Da misalin ƙarfe takwas na dare wani ƙanena da ke karatu a Birmingham ya kira ni daga filin jirgin sama na Abuja. Ya je gida hutun Babbar Sallah, ranar ce kuma zai koma. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, sun ce ba su ga bizata ba." Yana tsaye a gaban kanta, akwatunansa biyu a kan sikeli, ma'aikaciyar jirgin ta goga fasfonsa a na'ura har sau uku, amsar ɗaya ce. Na ce, "Wane fasfo ne a hannunka?" Ya ce sabon, wanda ya karɓa a Landan wata biyu da suka wuce. "Ka shigar da shi a asusunka na UKVI?" Ya yi shiru. "To ina tsohon?" Ya ce yana cikin durowar ɗakinsa a Birmingham.

Bizarsa tana nan lafiya lau, da sauran fiye da shekara a gabanta. Matsalar ita ce kwamfutar hukumomin Birtaniya da lambar tsohon fasfo ta san shi, shi kuwa sabuwar lamba ya miƙa. Da zai fita daga Ingila ba wanda ya tambaye shi komai, tunda ƙasarsa za shi. A komawa ne ake tambaya. Kafin ya tono hoton tsohon fasfon a cikin imel ɗinsa ya samu shiga asusun, an rufe kanta. Ya kwana uku a gidan kawunmu a Kubwa, ya biya kuɗin sauya tikiti masu ciwo, ya kuma rasa makon farko na zangon karatu.

Abin da ya kamata duk mazaunin ƙasar waje ya riƙe shi ne, fasfo da izinin zama takardun gwamnatoci biyu ne daban. Fasfo na Najeriya ne, Hukumar Shige da Fice ke bayar da shi. Izinin zama kuwa na ƙasar da kake ciki ne. Igiyar da ta ɗaure su wuri ɗaya ita ce lambar fasfo, kuma kowane sabon fasfo da sabuwar lamba yake zuwa. Ofishin jakadancinmu ba zai sanar da masu masaukinka cewa lambarka ta sauya ba. Wannan aikin naka ne, kuma ranar da ka karɓi sabon fasfo ya kamata ka fara shi.

Tun kafin sabuntawar ma akwai lissafin da za ka yi. Kada ka jira sai fasfo ya ƙare. Ƙasashe da yawa da kamfanonin jirage suna son ganin aƙalla wata shida a gaban fasfo, ƙasashen Turai na yankin Shengen kuwa sharaɗinsu wata uku bayan ranar da za ka fita, kuma fasfon kada ya wuce shekara goma da bayarwa. In izinin zamanka da fasfonka za su ƙare kusa da juna, fara da fasfon. A Kanada, alal misali, ba a ba ɗalibi izinin karatu da ya wuce ranar ƙarewar fasfonsa. Wanda ya nemi ƙarin shekara biyu da fasfo mai sauran wata takwas, wata takwas ɗin zai samu, ya dawo ya sake biya. Tun 2019 da aka fito da sabon samfurin fasfon Najeriya, babba yana iya zaɓar mai shekara 5 ko mai shekara 10 mai shafi 64. A ganina duk wanda ke zaune a waje, in da hali, ya ɗauki mai shekara goman. Kuɗinsa ya fi yawa, amma duk wahalar da zan bayyana a nan sau ɗaya zai sha ta a shekara goma. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 mai shekara biyar kawai ake ba su, don haka mai iyali ya rubuta ranar ƙarewar fasfon kowane yaro ya manna a inda ido zai riƙa gani, domin ba tare suke ƙarewa ba.

Ranar karɓa, kada ka bar wurin sai ka karanta shafin da hotonka yake, harafi bayan harafi. In ta gidan waya aka aiko maka, buɗe ambulan ɗin a ranar. Duba suna, ranar haihuwa, garin haihuwa, jinsi. Duba layuka biyun nan na ƙasan shafin masu haruffa da ƙananan kibiyoyi, domin su na'ura ke karantawa, sunan da ke cikinsu kuma shi ne sunanka a wurin kwamfuta. Sannan ka ajiye tsohon fasfo kusa da sabon ka gwada su.

A nan ne mu Hausawa muka fi shiga matsala, saboda sunayenmu. Yanzu ba a yin fasfo sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma sai bayanan biyun sun dace. Da yawanmu kuwa wani ne ya cika mana takardar fasfon farko, ko ejan lokacin tafiya Hajji, ko wani yaya da ya rubuta yadda ya ga dama. Sai ka ga a fasfo Mohammed, a NIN Muhammad. A nan Aishatu, a can Aisha. Wani ya sa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe a fasfo, a NIN kuma sunan kakansa. Wata an juya mata sunan farko ya koma na ƙarshe. Ga kuma matar da ta koma amfani da sunan miji domin takardun tafiya su yi sauƙi, alhali shaidar karatunta duk da sunan mahaifinta. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Kwamfutar ma'aikatar cikin gida ta wata ƙasa ba ta san haka ba, harafi ɗaya ya ishe ta ta ce mutum biyu ne. Idan gyaran da aka yi don daidaitawa da NIN ya sa sabon fasfonka ya bambanta da tsohon, to ka sani aikinka ya wuce sauya lamba, ya zama sauya suna, kuma hanyarsa ta fi tsawo. Duk takardar da ka yi amfani da ita wajen gyaran, takardar rantsuwa ta kotu, sanarwar jarida, shaidar aure, ka adana asalinta ka kuma ɗauki hotonta. Za a tambaye ka ita, ko ba yau ba.

Bari in tsaya a kan Birtaniya, inda na fi sanin tsarin. Katin izinin zama da aka sani da BRP ya daina aiki: kusan dukkansu ranar 31 ga Disamba 2024 aka rubuta musu a matsayin ƙarshe, ƙarin lokacin da aka bayar na yin tafiya da su kuma ya ƙare a farkon Yunin 2025. Abin da ya maye gurbinsa shi ne eVisa, wato izinin da ke zaune a intanet cikin asusunka na UKVI, hukumar biza ta Birtaniya, babu kati babu sitika. Idan ka zo hawa jirgi, kamfanin yana aika bayanan fasfonka zuwa hukumomin Birtaniya, su dawo masa da amsa ko kana da izinin shiga. Fasfon da ba a haɗa da asusun ba, amsar da zai jawo ita ce wadda ƙanena ya samu.

Haɗawar kyauta ce, kuma da kanka za ka yi ta a shafin gwamnati na GOV.UK, a sashen gyara bayanan asusun UKVI. Kada ka biya kowa, kada kuma ka bi wani adireshi da aka turo maka ta WhatsApp. Wajen shiga za a nemi lambar takardar da asusun ya sani, wato tsohon fasfo ko lambar tsohon katin BRP, da ranar haihuwa, sannan a turo maka lambar sirri ta waya ko ta imel. Lura da wannan: da tsohuwar lamba za ka buɗe ƙofa kafin ka shigar da sabuwa. Wanda ya yar da tsohon fasfo bai rubuta lambarsa a ko'ina ba, ya kulle kansa a waje. In ka shiga, sai ka zaɓi ƙara sabuwar takardar shaida, ka bi umarnin ɗaukar hoton shafin, ko ka bari manhajar wayar ta karanta ɗan guntun na'urar da ke cikin fasfon. Cire wayar daga kwas ɗinta, ɗora ta a kan fasfon, kada ka motsa sai ta gama. Idan suna da ranar haihuwa ba su sauya ba, abin bai da wuya. Idan sun sauya, ana iya cewa ka aika fasfon kansa ta gidan waya, shi ya sa ba na ba kowa shawarar yankar tikiti kafin saƙon tabbatarwa ya shigo imel ɗinsa. In saƙon ya zo, sake shiga da sabuwar lamba ka gani da idonka cewa ta zauna.

Akwai ƙananan abubuwa uku da ke kayar da mutane a nan. Na farko, kowane mutum da asusunsa, har jinjiri. Maigida ya gyara nasa ya manta da na uwargida da yara, a filin jirgi sai a ce shi ya wuce su su tsaya. Na biyu, lambar waya. In layin Ingila ne a asusunka kuma ba ya karɓar saƙo a Kano ko Katsina, to lambar sirri ba za ta same ka ba lokacin da ka fi buƙatarta. Tabbatar imel ɗin da ke asusun naka ne na kanka, wanda kake buɗewa a wayarka. Ɗalibai da yawa da imel ɗin ejan aka buɗe musu, ko na makaranta wanda ake rufewa bayan kammala karatu. Na uku, idan kana da takardar neman sabuwar biza da ba a yanke hukunci a kanta ba, tsarin ba zai bar ka sauya fasfo a asusun ba sai an gama. A wannan halin ma tafiya ba taka ba ce, domin barin ƙasar zuwa gida ana cikin jiran hukunci yana sa a ɗauka ka janye buƙatarka.

Kafin kowace tafiya ina cire lambar nan da mutanenmu a can ke kira shiya-kod, wadda ake ba mai ɗaukar ma'aikata ko mai gidan haya don ya duba matsayin mutum. Tana aiki kwana 90. Ina rubuta ta a takarda in saka cikin fasfo, domin intanet na filin jirgi ba abin dogaro ba ne. In na'urar kamfanin jirgi ta ƙi ganinka, da wannan lambar ma'aikaci zai iya dubawa ta wata hanya.

Bayan hukuma, sai waɗanda suka ɗauki nauyin bizarka. Jami'a tana ajiye kwafin fasfon ɗalibanta na waje, haka ma wurin aikin da ya kawo ka, kuma doka ce ta ɗora musu hakan. Kai musu kwafin sabon tun ba su nema ba. Banki ma in ya turo saƙo yana neman sabuwar shaida, kada ka share, don wasu suna taƙaita asusu idan shaidar da ke hannunsu ta ƙare.

Sai maganar iyayenmu da ke zuwa ziyara. Hajiya ta samu bizar ziyara ta shekara biyu ko biyar a manne cikin fasfo, ta zo ta ga jika ta koma, sai fasfon ya ƙare. Sau da yawa 'ya'ya na ɗauka bizar ta tafi da fasfon, su sake biyan kuɗi masu yawa a banza. Bizar tana nan har ranar da aka rubuta a jikinta. Hajiya za ta zo da fasfo biyu, sabon mai aiki da tsohon mai biza. Abin da za a kiyaye shi ne lokacin soke tsohon. Ana huda shi ko a yanke masa kusurwa, to a roƙi jami'in cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, akwai biza mai rai a shafi kaza," don kada hudar ta ratsa ta. Kuma kada wani ya yi dabarar ɓamɓare sitikar ya liƙa a sabon fasfo. Bizar da aka ɓamɓare ta mutu nan take, mai ita kuma ya jawo wa kansa zargin jabu.

Ko babu biza mai rai a cikinsa, tsohon fasfo ba abin yarwa ba ne. Wanda zai nemi zaman dindindin a Birtaniya, a yawancin hanyoyi sai ya nuna bai yi fiye da kwana 180 a waje ba cikin kowane wata goma sha biyu. Mai neman zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar kuma, iyakarsa kwana 450 a tsawon shekarun, da kwana 90 a shekarar ƙarshe. Za a ce ka lissafo tafiye-tafiyenka da ranakunsu. Wa zai tuna ranar da ya tafi ta'aziyya shekara huɗu da suka wuce? Hatiman shiga da fita na Kano da Abuja da Legas da ke cikin tsohon fasfo su ne za su tuna maka. Haka kuma kusan kowace takardar neman biza tana tambayar ƙasashen da ka taɓa zuwa.

A Saudiyya, inda mutanenmu suke da yawa, tsarin daban ne amma tushen ɗaya. Mai igama, wato katin izinin zama, da ya sabunta fasfo a ofishin jakadanci da ke Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, sai an mayar da bayanan sabon fasfo cikin kwamfutar Jawazat, hukumar fasfo ta ƙasar. Shi ne abin da ake kira naƙalul ma'alumat. Lambar igama ba ta sauyawa, lambar fasfon da ke maƙale da ita ce ake sauyawa. Ga ma'aikaci, yawanci kafili ko kamfani ke yi ta shafin intanet na Absher ko Muqeem. Maigida kuma shi ke yi wa waɗanda ke ƙarƙashinsa ta asusunsa na Absher. Idan abin ya ƙi ta intanet, ko tsohon fasfon ɓata ya yi, sai an nemi ranar ganawa an je ofishin Jawazat. Tunda aikin a hannun wani yake, kada ka miƙa kwafi ka koma ka kwanta. Bi shi da tuni, sannan ka buɗe Absher ɗinka ka ga sabuwar lamba da sabuwar ranar ƙarewa sun fito.

Muhimmancin wannan yana bayyana ne lokacin hutu. Bizar fita da dawowa, huruj da auda, a kwamfuta take, kuma ba ta fita sai fasfon da Jawazat ta sani yana da sauran aƙalla kwana 90. Ta fita ta ƙarshe kuwa kwana 60. Mutum na iya riƙe da sabon fasfo mai shekara goma a aljihu, kwamfuta kuma tana ganin tsohon da ya ƙare, ta ƙi ba shi biza. Don haka jerin shi ne fasfo, sannan naƙali, sannan biza, sannan tikiti. Kuma bayan an gama, karɓi fasfunanka biyu ka ajiye a wurinka. Dokar ƙwadago ta ƙasar ba ta ba kafili ko kamfani damar riƙe fasfon ma'aikacinsa ba.

A Amurka bizar da ke cikin tsohon fasfo tana aiki muddin ba ta lalace ba, kuma fasfunan biyu na ƙasa ɗaya ne, iri ɗaya. Jami'in bakin iyaka zai duba bizar a tsohon ya ba ka izinin shiga a kan sabon. Tun daga Yulin 2025 da aka mayar da yawancin sababbin bizojin ziyara na 'yan Najeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya, tsohuwar biza mai dogon wa'adi ta zama abin riritawa. Tarkon Amurka yana wani wuri ne. Abin da ke nuna ranar da zamanka zai ƙare shi ne rajistar I-94, ba bizar ba, kuma idan ka shiga da fasfo mai gajeren wa'adi ana iya yanke ranar I-94 ɗin ta tsaya daidai ƙarewar fasfon. Sabunta fasfo a cikin ƙasar ba ya tsawaita ta. Mai bizar aiki da ya shiga a irin wannan hali ya buɗe shafin I-94 ya duba ranarsa, in ta gajarta ya nemi lauyan wurin aikinsa tun kafin ta cika, domin wuce ta ko da rashin sani ne yana shiga tarihinsa.

Inda izinin zama har yanzu sitika ce ko kati mai ɗauke da lambar fasfo, sai an je an mayar. Ɗalibanmu na Malesiya su kai fasfo biyu ofishin ɗaliban waje na makarantarsu a nema musu mayar da sitikar. A Jamus ofishin baƙi na garin da kake ne ke sake katin, kuma samun ranar ganawa kan ɗauki lokaci, don haka a nemi ranar da wuri, a riƙa yawo da fasfo biyu da katin kafin ta zo. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an daina manna sitikar zama tun 2022, katin shaida na Emirates ID ke tsaya mata, amma dole a sabunta lambar fasfo a tsarin hukumar.

Idan ɓata fasfon ya yi, fara da rahoton 'yan sanda, don shi ofishin jakadanci zai fara nema. Takardar tafiyar gaggawa da ofishin ke bayarwa ta kai mutum gida ce kawai, ba ta dawo da shi. Wanda ya karɓe ta ya sani sai ya yi sabon fasfo a Najeriya, ya haɗa shi da izinin zamansa daga can, kafin ya yi maganar komawa. A irin wannan rana hoton tsohon fasfo da ka taɓa turawa imel ɗinka zai yi maka amfanin da ba ka zata ba.

Tafiyar farko da sabon fasfo, ka je filin jirgi da wuri fiye da yadda ka saba. Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na sabon fasfo, kuma in ka yanki tikitin tun da tsohuwar lamba, shiga shafin kamfanin jirgin ka sauya ta kafin ranar. Fasfunan biyu su kasance a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a auna ba, tare da kwafin saƙon tabbatarwa a takarda. In kana son haɗa su wuri ɗaya, ɗaure su da roba. Kada ka buga musu ƙusar haɗa takardu, don tana huda bango, kuma jami'i na iya ɗaukar fasfon da aka huda a matsayin wanda ya lalace.